Yadda Za A Rage Ɓarnar Wuta Da Kaya A Ɗakin Gwaje-gwaje

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Jos, ko a asibitin koyarwa da ke Lamingo, ko a jami'a, ko a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom wadda aka kafa tun 1924, ya saba da ƙugin firizar nan mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, wadda ba ta hutawa dare da rana. Abin da ba mu cika lissafawa ba shi ne yawan wutar da take sha. Tsohuwar firiza irin wannan tana shan yunit 15 zuwa 20 a kowace rana, kuma tun da aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi bai wa wuta a rana, a watan Afrilun 2024 har yunit ya haura naira 200, guda ɗaya tak tana iya cin naira miliyan ɗaya zuwa miliyan ɗaya da rabi a shekara. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareto, lita ɗaya ta dizal kan ba da kimanin yunit 3 ne kawai, tana kuma sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Saboda haka a wurinmu kare muhalli, da rage kuɗin dizal, da tsare samfurorin da aka ba mu amana, duk aiki ɗaya ne. Mutane da yawa idan aka ta da zancen sai hankalinsu ya tafi kan sola da sabuwar firiza, alhali gyaran yana farawa ne daga buɗe wadda ake da ita a ga abin da ke ciki.

A ware rana guda, a tanadi wata firizar da za a riƙa zuba kaya a ciki na ɗan lokaci, a sa safar hannu mai kauri, sannan a bi kanta bayan kanta ana rubuta kowane kwali: na wane ne, mene ne a ciki, yaushe aka ajiye shi, kuma har yaushe ake buƙatarsa. Na taɓa yin wannan aikin a wani ɗakin gwaji da na yi aiki, inda muka daɗe muna kukan ƙarancin wuri har mun rubuta takardar neman sabuwar firiza. Da muka zazzage, sai muka tarar da kwalaye na ɗaliban da suka gama karatu suka tafi da daɗewa, da bututai waɗanda rubutunsu ya goge, da sinadaran da wa'adinsu ya wuce. Bayan tantancewa muka janye takardar, domin wurin da muka samu ya ishe mu. Abin ya dame ni ƙwarai, don shekaru muka yi ana ƙona dizal a kan abin da ba mai iya amfani da shi.

Sai dai a yi hattara a nan. Jinin mutum ko tsokarsa amana ce, kuma akwai sharuɗɗan da mai shi ya amince da su lokacin da ya bayar. Kada a zubar da komai sai an tuntuɓi shugaban binciken, an kuma duba abin da kwamitin ɗa'a ya amince da shi game da tsawon ajiya. Abin da aka yanke a zubar kuwa sai ya bi ta tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ko injin ƙona sharar asibiti. Wanda ya saura a sake shirya shi a kwalaye masu gurbi 100 maimakon masu 81 idan bututan sun shiga, a manna masa lakabin da sanyi ba ya ɓamɓarewa, a shigar da shi kwamfuta, sannan a liƙa taswirar kantocin a jikin ƙofa. Wanda ya san inda kayansa yake kafin ya buɗe ba zai tsaya yana lalube ƙofa a buɗe ba, kuma kowane buɗewa yana sa kwamfreso, wato injin da ke samar da sanyin, ya daɗe yana aiki kafin sanyi ya dawo. A kuma kafa doka cewa ba wanda za a sa wa hannu a takardar sallama, ɗalibi ko ma'aikaci, sai ya miƙa kayansa ga wani ko ya kwashe su.

Tantancewar za ta nuna cewa ba kowane abu ne ya cancanci sanyi mafi tsanani ba. DNA da aka tace yana zama lafiya a digiri 20 ƙasa da sifili, haka ma yawancin sinadaran PCR, gwajin da ke ninka DNA don a iya gano shi. Jinin da aka ɗiga a takarda aka busar, irin wanda ake gwada jarirai da shi don gano cutar HIV da wuri, yana iya tafiya mai nisa ba tare da ƙanƙara ba, muddin an sa shi a leda tare da abin tsotse danshi. Ƙwayoyin halitta masu rai kuwa wurinsu tankin ruwan naitirojin ne mai digiri 196 ƙasa da sifili. Babbar firiza a bar ta ga abin da lalle yake buƙatarta, kamar RNA, ɗan'uwan DNA mai saurin lalacewa, da ƙwayoyin bairos.

Daga nan sai batun da ake yawan gardama a kai, wato mayar da firiza daga 80 zuwa 70. Shekarun baya 70 ɗin ce ma aka saba da ita, kuma wanda ya karanta tsofaffin rahotannin bincike zai ga haka a rubuce. Wannan digiri goman yana rage shan wuta da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, yana kuma sassauta wa kwamfreso, wanda shi ne ya fi tsadar gyara. Abokan aiki sukan ce ai mu ana ɗauke mana wuta, gara a bar ta a 80 don a sami rata kafin kaya su ɗumama. Maganarsu tana da tushe, kuma ban ga laifin wanda ya ƙi saukarwa ba idan janareton wurinsu yakan yi sa'o'i bai tashi ba. Irin wannan wurin a fara gyara janareton. Amma inda ake sauya wuta cikin 'yan mintuna, ra'ayina shi ne a koma 70, domin abin da ya fi tsare sanyi lokacin ɗauke wuta shi ne firiza ta kasance cike kuma ƙofarta a rufe. Idan da sarari a ciki a cike shi da ledojin ƙanƙara. Inda takardar yarjejeniyar wani bincike ta ambaci 80 ƙarara, a bi ta, ko a nemi izini a rubuce kafin a canza.

Kulawa ta yau da kullum ba ta buƙatar kuɗi, sai dai ta fi komai saurin mantuwa. A ƙasan firiza ta gaba akwai matatar iska da ke kare kwandansa, wato sashen da ke fitar da zafi, kuma ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana toshe ta cikin ƙanƙanen lokaci. Littattafan masu ƙera su sukan ce a wanke ta bayan 'yan watanni, amma ba don hazon Filato aka rubuta su ba. A lokacin hunturu a duba ta duk bayan mako biyu, a wanke, a bar ta ta bushe kafin a mayar. Robar bakin ƙofa a gwada ta da takarda: a maƙale takardar a rufe, idan ta zare ba tare da turjiya ba to sanyi yana zurarewa ta wurin. Ƙanƙarar da ke taruwa a ƙofofin ciki a kankare ta da abin roba, kada a sa wuƙa ko sukundireba, kuma sau ɗaya a shekara a kwashe kaya a narkar da ita gaba ɗaya. A bar tazarar kamar taƙi guda tsakanin firiza da bango, kada kuma a jibga kwalaye a samanta.

Jos tana da wata falala a nan. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, don haka ɗakin da iska ke ratsawa, mai fankar fitar da zafi, yakan wadatar a yawancin watanni ba tare da na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana ba. Sai a rataye ma'aunin zafi a bango a lura da shi a Maris da Afrilu, domin yawancin waɗannan firizoji an ƙera su ne su yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 32 ba. Kowace firiza ta sami sitabilaizarta mai jinkirta kunnawa idan wuta ta dawo, da na'urar da ke aika saƙo a waya idan sanyi ya fara raguwa.

Idan bayan duk wannan sayen sabuwa ya zama dole, a nan ne masanin gwaji ya kamata ya zauna da jami'in sayayya tun kafin a fitar da talla. Dokar sayayyar gwamnati ta 2007 tana ba da kwangila ga wanda ya fi sauƙin farashi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, saboda haka abin da ba a rubuta a sharuɗɗan ba ba za a iya nemansa daga baya ba. A rubuta iyakar yunit ɗin da firizar za ta sha a rana, a nemi ɗan kwangila ya kawo shaidar kamfani. Sababbi masu tsimin wuta suna shan ƙasa da yunit 10, kuma idan aka lissafa bambancin a shekara goma za a ga mai araha a ranar saye ita ce mai tsada. Tambarin ENERGY STAR na Amurka, da lakabin ACT na ƙungiyar My Green Lab, suna taimakawa wajen kwatanta kaya. Mai buɗewa ta sama ta fi mai tsaye riƙe sanyi, ko da yake ta fi cin fili.

A rubuta irin gas ɗin sanyaya ma. Tsofaffin firizoji suna amfani da R-404A wanda ƙarfinsa na ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon kusan sau 3,900, da R-508B wanda ya haura sau 13,000. Sababbi suna amfani da R-290 da R-170, waɗanda nasu bai kai goma ba. Gyaran Kigali na 2016 ga yarjejeniyar Montreal ta ƙasashen duniya kan sinadaran da ke lalata sararin samaniya, wanda Najeriya ta amince da shi, ya tanadi rage waɗancan tsofaffin sannu a hankali, don haka wanda ya sayi mai tsohon gas yau yana sayen wahalar gyara ta gobe. Sababbin gas ɗin suna kama wuta, shi ya sa dole a tambayi ɗan kwangila wane ƙwararre ne zai riƙa gyarawa, daga ina zai zo, kuma ina ake samun kayan gyara. A tabbatar na'urar ta dace da wutarmu mai bolt 230 da zagaye 50, musamman idan kyauta ce daga ƙasar waje, domin wadda aka ƙera wa wutar Amurka ba ta daɗewa a nan. Tsohuwar kuma kada a tura ta wani ɗaki ta ci gaba da shan wuta, kada kuma a miƙa wa 'yan gwangwan su fasa gas ya tashi sama. A tsabtace ta daga ƙwayoyin cuta, ƙwararre ya zuƙe gas ɗin, sannan a bai wa masu sarrafa sharar lantarki da hukumar tabbatar da dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta sani. Sola sai a wannan matakin, domin nauyin da aka rage ya rage yawan faifai da batir da za a saya. Don ajiyar digiri 2 zuwa 8 akwai firjin rigakafi mai aiki kai tsaye da hasken rana ba tare da batir ba, irin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance.

Saura kayan aikin yau da kullum. Masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila sun ƙiyasta cewa ɗakunan binciken kimiyyar halittu na duniya sun zubar da robobi kimanin tan miliyan 5.5 a shekarar 2014. Mu kayanmu daga Turai ko Amurka ko Asiya suke tasowa a jirgi, cikin busasshiyar ƙanƙara, su sauka Legas ko Abuja, sannan mota ta hawo da su Filato. Sassa su haɗa odarsu wuri ɗaya a kowane wata uku maimakon kowa ya yi tasa, kuma kafin a yi oda a tambayi ɗakin da ke maƙwabtaka ko suna da ragowa. A tambayi dillali ko akwai busasshen nau'in sinadarin wanda ba ya buƙatar sanyi a hanya, domin yanzu ana samun na PCR da yawa a haka, kuma shi ne ba ya lalacewa idan kaya suka kwana a hannun kwastam. A sayi girman da za a iya ƙarar da shi kafin wa'adi, a jera wanda zai riga lalacewa a gaba. Kwalayen tsinken awo, wato ƙananan bakunan roba da ake ɗibar ruwan gwaji da su, a riƙa sayen na cikawa ana mayarwa cikin tsohon kwali, a yi amfani da kwalabe na gilashi inda wankewa da dafawa ba za su ɓata sakamako ba. Akwatunan farin soso da ledojin ƙanƙarar da suka zo da kaya kuma a goge su a adana a sito, don ranar da za a aika samfur zuwa Vom ko babban ɗakin gwajin hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, da ke Gaduwa a Abuja.