Kurakuran da aka fi yi wajen saye da kafa rautar intanet a gida

Idan intanet ɗin gida ya fara jan ƙafa a Abuja, kamfani ake fara ɗora wa laifi. Wani lokacin da gaskiya, domin sabis na sauka, kuma masu aikin titi kan tsinke kebul. Amma sau da yawa matsalar a cikin gidan take, ko dai tun ranar da aka sayi rautar, ko kuma ranar da aka zaɓa mata wurin zama. Abin da ke damuna shi ne yawancin waɗannan kurakurai gyaransu ba ya cin ko sisi, amma sai ka ga magidanci yana ta sauya layi yana ƙara kashe kuɗi.

Saye kafin a san abin da ke isowa gidan

Rauta ba ta haifar da intanet, karɓa take ta raba. Kamar kan famfo ne: in tankin babu ruwa, ko na zinare ka saka ba zai zubo ba. Saboda haka kafin ka nufi Banex a Wuse 2, ka fara sanin ta ina intanet zai shigo maka. Akwai rauta mai cin sim, akwai kuma wadda sai an jona mata kebul daga kamfanin faiba (intanet ɗin da ke zuwa da haske ta cikin zaren gilashi) ko daga na'urar Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Mutane da yawa kan ga mai eriya huɗu ko shida ta burge su, su biya, sai an isa gida a juya ta ko'ina a rasa wurin saka sim.

In mai sim za ka saya, gwaji ne ke yanke hukunci, ba talla ba. Ka ari wayoyi masu layuka daban-daban, ka shiga Speedtest ko fast.com, masu auna gudun intanet, a cikin falonka da ɗakunan kwana, ba a ƙofar gida ba. Ka kuma gwada da daddare, tsakanin ƙarfe 8 da 10, lokacin da kowa ya dawo daga aiki ya hau. Layin da ke gudu da hantsi a Kubwa ko Lugbe yana iya rarrafe bayan isha'i. Ga kuma duwatsu: a wurare irin Mpape da Dutsen Alhaji, gida biyu a layi ɗaya kan sha bamban. Shawarar maƙwabcin da kuke katanga ɗaya ta fi ta abokin ofis da ke zaune a Gwarinpa amfani.

Haka batun 5G. MTN ta ƙaddamar da shi a 2022, Airtel a 2023, kuma Abuja na cikin biranen farko. Sai dai a kan mita 3.5GHz yake tafiya, wadda ba ta nisa kuma ba ta ratsa bango kamar ƙananan mitocin 4G. In bai kai unguwarku ba, rautar da ka saya da tsada za ta koma 4G ne kawai. Sannan a lura, idan ka ga sunan Wi-Fi ɗinka da "5G" a ƙarshe, galibi ba wancan 5G na kamfanin waya ake nufi ba, mitar 5GHz ce ta cikin gida. Ana sayar wa mutane kaya da wannan ruɗanin.

Rautar da kamfanin waya ke sayarwa da rahusa yawanci a kulle take, layinsu kaɗai take karɓa. Ba laifi ba ne in ka tabbatar da sabis ɗinsu a gidanka, amma ɗan haya mai iya tashi baɗi gara ya ƙara kuɗi ya sayi buɗaɗɗiya. 'Yar kwatano kuma, musamman wadda ta fito daga Amurka, tana iya rasa mitocin da ake aiki da su a nan, irin su 700, 800, 1800, 2300 da 2600MHz. Maganin mai sauƙi ne, ka ce wa mai shago: "Malam, bari in saka layina mu gani." In ba ta nuna 4G a gabanka ba, kada ka biya.

'Yar ƙaramar MiFi ta aljihu ta tafiya ce. Ƙarfinta bai cika wuce ɗaki ɗaya ko biyu ba, kuma barinta a caji dare da rana na kumbura batirin.

Lambobin jikin kwali

Idan an rubuta AC1200, ba gudun da za ka samu ke nan ba. Haɗa lissafi aka yi: kusan 300Mbps (megabit a daƙiƙa, ma'aunin gudu) a mitar 2.4GHz, da 867 a 5GHz, kuma wayarka ɗaya kawai take hawa a lokaci guda. Abin dubawa na gaskiya biyu ne. Na farko, ta kasance mai mita biyu. Mai mita ɗaya, irin wadda ake rubuta wa N300, a 2.4GHz kaɗai take, kuma a gidan haya mai falat takwas ko rukunin gidaje, kowa a nan yake cunkushe. Na biyu, in faiba gare ka, ka duba ramukan kebul na bayanta. Masu araha da dama ba sa wuce 100Mbps, don haka in kana biyan kuɗin 200, rabi na tafiya a banza. Ka nemi mai gigabit, wato 1000Mbps. Za ka kuma ga an rubuta zubin Wi-Fi ɗin; a ganina Wi-Fi 5 ta ishi yawancin gidaje. Wi-Fi 6 tana nuna amfaninta ne inda na'urori suka yi yawa.

Kuma 40Mbps ba megabait 40 ba ne a daƙiƙa. Raba shi za ka yi gida 8, ka samu 5. Wasu kan zaci an cuce su alhali lissafin ne haka.

Wurin ajiya

A nan aka fi yin ɓarna. Ana cusa rauta a bayan talabijin don kada wayoyi su ɓata ado, ko a cikin durowa, ko a ƙasa kusa da soket, ko a kulle ta a ɗakin maigida da ke can ƙuryar gida. Daga nan sai a ce ba ta da ƙarfi. Siginar Wi-Fi tana raguwa duk bangon da ta ratsa, kuma ginin Abuja na bulo da siminti ne. Wanda ya fi cinye ta shi ne dandamalin bene, saboda rodin da ke ciki. Ƙofar ƙarfe, babban madubi, firiji da tankin ruwa duk suna tare ta. Na'urar ɗumama abinci ta makirowef kuwa a kusa da 2.4GHz take aiki, shi ya sa wani gidan da an kunna ta bidiyo ke tsayawa.

Ka ɗora ta a sarari, a sama da tsayin tebur, kusa da tsakiyar gida gwargwadon hali. Eriyoyi su miƙe tsaye; in bene ne ka kwantar da ɗaya. Kada a rufe ta da ƙyalle don gudun ƙurar hunturu, a riƙa goge ta ne kawai, domin ta ramukan jikinta take fitar da zafi. Kada kuma rana ta riƙa dukanta ta taga, musamman a Maris da Afrilu. Rautar da ta yi zafi gudunta na raguwa, wani lokaci ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta.

Mai sim tana da nata ciwon kai, domin buƙata biyu ke jan ta: tana son taga mai kallon hasumiyar sabis, gidan kuma yana son ta a tsakiya. Ni dai na fi ba taga fifiko, tunda abin da bai shigo ba ba a raba shi. Ka zagaya da ita taga-taga, a kowace ka jira minti biyu ka gwada. Sandunan sigina na jikinta ba sa faɗin komai dalla-dalla; ka shiga shafin saitinta ka duba lambar RSRP, mai nuna ƙarfin siginar da take samu daga hasumiya. Wajen -80 yana da kyau, in ta kai -110 ka san da ƙyar take ji. Matsar da ita taku biyu na iya sauya lambar sosai. In ko'ina bai yi ba kuma tana da wurin jona eriyar waje, a kafa eriya a sama.

To idan ɗaki ɗaya ko sashen baƙi na baya ya ƙi samu fa? Mutane kan sayi 'yar na'urar ƙara zango su jona ta a cikin ɗakin da babu siginar. Me za ta ƙara, alhali ita ma ba ta samu ba? Wurinta tsakiyar hanya ne, inda sigina ke da sauran ƙarfi, kuma ko a haka masu arahar kan rage gudu da kusan rabi, saboda da rediyo ɗaya suke karɓa suna aikawa. Abin da ya fi shi ne a ja kebul na Cat6, wanda ke kai mita 100 ba tare da matsala ba, a saka rauta ta biyu a can. In ba halin fasa bango, a sayi masu zuwa biyu ko uku a kwali ɗaya suna aiki tare, waɗanda ake kira mesh. Wanda ke gini yanzu, ina roƙonsa ya sa a bi da bututun kebul zuwa kowane hawa kafin a yi filasta. Kuɗin kaɗan ne a lokacin.

Waya da talabijin da ke kusa su hau 5GHz, na nesa su hau 2.4GHz. In maƙwabta sun yi yawa, ka gwada tasha ta 1, ta 6 ko ta 11 a saitin 2.4GHz, domin su ne ba sa hawa kan juna.

Kalmar sirri guda biyu ce

Kowa ya san ta shiga Wi-Fi. Wadda ake mantawa ita ce ta shiga saitin rautar kanta, wadda a na'urori da yawa ke zuwa da "admin". Duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinka zai iya buɗe 192.168.0.1, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1, ya sauya abin da ya ga dama, har ya karkatar da kai zuwa shafin banki na bogi. Adireshin na rubuce a takardar da ke manne a ƙasan rautar. Ka shiga ka sauya ta tun ranar farko, kuma da hannunka, bayan mai haɗawa ya tafi.

A wajen tsaro, wato irin kullen da ke kan Wi-Fi ɗin, ka zaɓi WPA3 in akwai, in babu WPA2. WEP an daɗe da karya shi. Ka kashe WPS, hanyar shiga da lamba ko danna maɓalli ba tare da kalmar sirri ba, wanda tun 2011 aka gano ana iya fasa lambarsa. Kada kalmar ta zama lambar wayarka ko sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa. Haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da alaƙa, ta wuce haruffa 12. Lokaci-lokaci ka duba ko akwai sabuntawar manhajar rautar, domin ta nan ake toshe ɓarakar da aka gano.

Na san nauyin da ke cikin hana baƙo ko ɗan maƙwabta. Ba sai ka hana ba. Yawancin rautoci na da sashen baƙi mai kalmar sirrinsa daban, wasu har da ƙayyade gudu. Ka buɗe shi, ka riƙa sauya kalmar duk wata. Dabarar karɓar waya ka rubuta da kanka ta daina aiki, domin tun Android 10 waya na nuna lambar QR da wani zai ɗauka ya shiga. Ta haka kalmar ke fita daga yaron gida zuwa abokinsa, har ta kai bakin titi.

Data ma ba kullum sace ta ake ba. Waya na ɗaukar Wi-Fi a matsayin kyauta, da ta hau sai ta fara sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiya. In datarka mai iyaka ce, ka nuna wa kowace waya da kwamfuta a saiti cewa wannan Wi-Fi na awo ne. Talabijin ya fi kowa ci: a Netflix, hoto mai kyau na kai 3GB a awa, 4K kuma har 7GB. Kafin ka biya wanda aka ce ba shi da iyaka, ka tambayi adadin da in ka kai za a rage maka gudu.

Wuta

Duk ɗauke wuta da tada janareta, rauta sai ta mutu ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo, ga wanda ke taro ta bidiyo kuwa wannan ya isa ɓata aiki. Wutar da take ci ba ta da yawa, galibi ƙasa da wat 15, don haka ƙaramin batirin ajiya da ake yi domin rauta na riƙe ta sa'o'i. Ka duba abin da aka rubuta a adaftarta, 12V ne ko 9V, ka sayi daidai shi. In adaftar ta ƙone, kada a ɗauko kowace don kawai bakinta ya shiga. Mai ƙarfin da ya wuce kima ƙona ta zai yi, mai ƙarancin amfiya kuma zai sa ta riƙa yankewa. Da damina in hadari ya haɗu da tsawa, a cire ta daga soket, musamman mai eriya a kan rufi.

In ta rikice, kashe ta za ka yi, ka jira daƙiƙa 30, ka kunna. Kada ka soka allura a ɗan ramin nan na baya da aka rubuta wa Reset sai dole, domin shi goge komai yake, har da bayanan shiga da kamfanin faiba ya saka, sai kuma ka jira ma'aikacinsu.

Kafin ka kira kamfani, ka tsaya kusa da rautar ka gwada, ko ka jona kwamfuta da kebul. In gudu ya yi kyau a nan, matsalar ta cikin gida ce, ka koma kan wurin ajiya da yawan masu hawa. In a nan ma babu, to nasu ne, ka faɗa musu lambar da ka samu da lokacin da ka gwada. Mai faiba ya duba fitilar da aka rubuta wa LOS: in ta yi ja, hasken ba ya isowa, wataƙila kebul ya tsinke a waje ko an lanƙwasa shi a bayan kujera. Zaren gilashi ne a ciki, ba a naɗe shi da ƙarfi, kuma kada yara su cire shi su leƙa bakinsa, domin hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa illa.