Darasi Na Shida: Sayen Gida da Takardunsa

Tun 1978, Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, riƙon amana. Mai gida a birni izinin zama yake riƙe da shi, yawanci na shekara 99. Takardar wannan izini ita ce shaidar mallaka, wadda kuke ji ana kira C of O.

Mataki na farko: bincike kafin biya

Ku karɓi kwafin takardar gidan daga mai sayarwa. Kwafi shi ne hoton takardar, ta asali tana wurinsa. Ku nemi suna, ku ɗora yatsa a kai, ku karanta baƙi bayan baƙi. In karatun ya yi nauyi, babu kunya, ku sa ɗanku ko malamin aji ya taya ku. Sannan ku dubi katin shaidar mai sayarwa. Sunan ɗaya ne?

Yanzu ku kai kwafin ofishin filaye. A Kano KANGIS ne, a Kaduna KADGIS. Ku biya kuɗin bincike, ku karɓi rasit. A can za a gaya muku sunan wa ke cikin rajista, ko an jinginar da gidan a banki, ko ana binsa harajin fili. Ku sake gwada sunan. Na takarda, na kati, na rajista, dole su zama ɗaya. In sunan mamaci ne, gidan gado ke nan, sai an ga takardar rabon gado daga kotu da yardar magada.

Har yanzu ba ku biya ba. Ko kafin alƙalami kada ku bayar. Dillali zai ce wani na nan tafe da kuɗi a hannu. Ku bar shi ya zo, dillali la'adarsa yake nema.

Haba jama'a! Kullum sai wani ya ce min, "Ai mai unguwa ya sa hannu." Mai unguwa shaida ne, muna girmama shi, amma rajistar filaye ba a zaurensa take ba. Ku tara kuɗi shekara da shekaru, sannan ku kasa zuwa ofis ku duba suna? Bincike tukuna, biya daga baya.

Mataki na biyu: yarjejeniya da haraji

Lauya ya rubuta takardar sauya mallaka, ku sa hannu gaban shaidu. A nemi amincewar gwamna, domin in babu ita cinikin bai cika a idon doka ba. Akwai kuɗin amincewa, harajin hatimi da kuɗin rajista. Adadin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, ku tambaya a ofis, ku adana kowane rasit.

Mataki na uku: tallafi

Mai zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa a Asusun Gidaje na Ƙasa zai iya neman rancen gida daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, a biya a hankali har shekara 30. Ku tambayi ofishin albashinku.