Kafin ka biya kuɗin buɗe waya

Jama'a, in wayarka ta ƙi karɓar layin MTN ko Airtel, kar ka yi saurin kai wa mai gyara. Wataƙila wani kamfanin layi ne ya kulle ta don ta yi aiki da layinsa kaɗai. Fara neman kamfanin, domin makullin yana hannunsu.

Danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lamba 15, za ta fito. Rubuta ta a takarda. In wayar ta kamfanin AT&T ce ta Amurka, suna da shafin buɗe waya a intanet. Ka sa lambar da imel ɗinka, kyauta ne. Haka na yi da iPhone ɗin ƙanwata, bayan wani yaro a kan titin Ahmadu Bello ya yanka mana kuɗin da ya sa na haɗiye yawu.

Amma fa in wanda ya fara sayenta bai gama biya ba, ko an kai rahoton an sace ta, ba za su buɗe ba. Kullen iCloud, wato asusun Apple na mai iPhone ɗin, kuma wani ciwon kai ne daban.

Masu Samsung, kar ku riƙa cankar lambar buɗe kullen layin. Kuskure kaɗan sai ta cije gaba ɗaya.

Gobe in za ka sayi ta hannu, sa layinka ka buga kira a gaban mai shagon tukuna.