Yadda Ake Haɗa Kan Matasa da Waƙar Hip Hop

Ku fara da damuwa ɗaya tak wadda ta addabi kowa, kamar yadda mawaƙan ƙungiyar hip hop ta Keur Gui da wasu 'yan jarida suka yi a Dakar, babban birnin Senegal, a watan Janairun 2011, lokacin da yawan ɗauke wutar lantarki ya sa suka kafa ƙungiyar fafutuka ta Y'en a Marre (ma'ana "Mun gaji"). Ku rera waƙar da harshen da jama'a ke ji, yadda su suka yi da Wolof.

Sai dai waƙa kaɗai ba ta wadatarwa, kuma a nan ne mawaƙa da yawa ke tuntuɓe, domin wajibi ne kowane taro ya ƙare da aiki takamaimai. Su 'yan Y'en a Marre, rajistar masu zaɓe suka sa a gaba, suna bi unguwa-unguwa kafin zaɓen 2012. Kada ku karɓi kuɗin ɗan takara ko kaɗan.