Kurakuran da masu taifin ke yi wajen kwashe makro zuwa sabon Word

Tun da Microsoft ta daina kula da Office 2016 da 2019 a ranar 14 ga Oktoban 2025, abokan sana'armu da dama a Kano, daga shagunan bakin BUK har na Sabon Gari, suka shiga sauya manhaja. Kukan da nake ji guda ɗaya ne: "Malam, maɓallan da nake buga ƙ da ɗ da ɓ sun daina aiki." Na gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na rubuta.

Babban kuskure shi ne a miƙa wa mai gyara kwamfuta ba tare da an ɗauke Normal.dotm ba. A cikin wannan fayil Word yake ajiye makro ɗinka (jerin umarnin da ka adana don Word ya yi maka aiki da danna ɗaya) da maɓallan da ka ɗaura musu, sai dai in kai ka zaɓi wani wuri. Kuma ba ya cikin Documents. Yana ɓoye ne a foldar da za ta buɗe in ka rubuta %appdata%\Microsoft\Templates a saman File Explorer. Mai gyara zai kwashe maka takardu da hotuna, ya yi fomatin, ya ce komai ya dawo. Haka wani ya yi wa babbar kwamfutar shagona ana tsakiyar lokacin furojet, ɗalibai sun cika benci. Makro mai jera kanun babi, mai gyara tazarar layi, mai saka lambar shafi, aikin shekaru, duk suka tafi. Da hannu muka koma yi har tsakar dare, man janareta yana ƙonewa, wasu kwastomomin kuma ba su sake dawowa ba. Don Allah, kai mai shago, wannan aikinka ne, ba na injiniya ba! Rufe Word, kwafi fayil ɗin a filasha, ka tura wa kanka wani ta imel, sannan kwamfutar ta bar shago.

Na biyu ya fi ba ni haushi, domin masu ganin sun iya ne suke faɗa masa. Yaro zai danna Alt da F11, ya fitar da makro a fayil ɗin .bas, ya shigar a sabon Word, ya danna maɓallinsa, shiru. Sai ya yanke hukunci wai sabon Word ba shi da kyau. Lafiyarsa ƙalau. Fayil ɗin .bas rubutun makro kawai yake ɗauka, ba ya tafiya da maɓallan. Shi ma Organizer, wurin kwafar makro daga wani fayil zuwa wani a cikin Word, haka yake. Danna Alt da F8 za ka ga makro ɗin suna nan, ɗaurin ne babu. Abin da nake yi kafin in taɓa komai: in shiga Print a tsohon Word, in zaɓi Key Assignments, in buga jerin maɓallan a takarda in manna a bango. Sannan in sake ɗaura su ɗaya bayan ɗaya ta Customize Ribbon. Wasu suna ɗora tsohon Normal.dotm kan sabon kai tsaye, kuma sau da yawa yana yi musu. Ni ba na yi, don yakan jawo tsofaffin saituna da na riga na manta da su.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Kar ka liƙa ƙ kai tsaye a cikin rubutun makro, wurin ba ya gane ta, alamar tambaya za ta koma. Yi amfani da lamba: ChrW(409) ita ce ƙ, ChrW(599) ɗ, ChrW(595) ɓ. Wanda kuma har yanzu makro ɗinsa yana kiran tsohon fon na Hausa, irin wanda ake aron wata alama a mayar da ita ƙ, ya sani ranar da ɗalibi ya buɗe aikin a wayarsa shirme zai gani. Yanzu ne lokacin gyara wannan.

Sauran ƙanana ne. Fayil ɗin .docx ba ya riƙe makro, sai .docm. In an turo maka fayil ta intanet Word ya toshe makro ɗinsa, shiga Properties na fayil ɗin ka danna Unblock, amma sai ka san wanda ya turo; kar ka buɗe wa kowane makro ƙofa don gudun wahala. In ka koma Office mai 64-bit layin Declare a rubutun makro ya yi ja, kalmar PtrSafe yake nema a saka bayan Declare. Masu AutoHotkey kuma, wata manhaja ta daban da ake ɗaura wa maɓallai aiki da ita, rubutun tsohuwar sigarta v1 ba ya gudana a sabuwar v2 sai an sake shi, don haka kar ku goge v1 tukuna.

Gwaji kuwa a kan kwafi ake yi, ba a kan furojet ɗin kwastoman da ke zaune yana jira ba.