Yadda nake kula da rumfar tamfol ta jikin motata

Ina sayar da yadi da atamfa a cikin mota. Alhamis ina nan Damagaram, Lahadi ina Mirriya, sauran ranaku duk inda kasuwa ta ci. Rumfar tamfol da nake ɗaurawa a gefen motar ita ce shagona. Ta farko da na saya ko damina biyu ba ta gani ba, ta yanzu kuwa ta shiga shekara ta 6. Iri ɗaya ne, hannuna ne ya canza.

Abin da ya kashe ta farkon gaggawar tashi ce. La'asar sakaliya, mutum ya gaji, sai ya fizge tamfol ya tattare shi da ƙurarsa ya cusa bayan mota. Ƙurar nan ta hunturu da ake rainawa yashi ce. Idan aka naɗe ta a ciki, mota ta hau hanya tana jijjiga, sai ta yi ta goge fuskar tamfol har ta cinye santsin da ke hana ruwa shiga. Yanzu kafin in sauke rumfa sai na kakkaɓe ta daga ƙasa, in bi samanta da tsintsiya mai laushi. Minti 10 ne. Busasshiyar ƙura kuma ba a fara ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin taɓo za ta zama ta shige cikin ɗinki.

Wanki ba ya son yawa, dama ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne. Sau 2 a shekara ya isa: bayan hunturu, da bayan damina. Bokiti 2, ɗan sabulun sanda kaɗan, soso mai taushi, a ɗauraye sosai. Kada a sa ruwan jabel, wato bilic, yana cin zaren ɗinki. Kada a goge tabo da fetur ko kananzir, suna busar da robar, bayan ƴan watanni wurin ya tsage. Kashin tsuntsu kuwa a cire shi ranar da ya zuba, shi ya sa na daina ajiye mota daidai ƙarƙashin itacen da balbela ke kwana.

Sai rana. Daga Afrilu zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma hasken rana ne ke sa tamfol ya koɗe ya yi tauri kamar busasshiyar fata. Ranar da ba kasuwa, rumfata ba ta kwana a shimfiɗe. Ina jin takaicin ganin wani ya bar tasa a rataye wata da watanni don ƙyuyar ɗaurawa, alhali kuɗin sabuwa ribar kasuwanni da yawa ne.

Iska ce na fi tsoro. Duk ɗan Damagaram ya san yadda hadarin farkon damina yake zuwa: gabas ta yi ja, ƙura ta riga ruwa isowa. Ka ga haka, sauke rumfa, ko da mai saye na tsaye yana taya kaya. Na taɓa cewa bari in ƙarasa awon yadi 5, kafin in ɗago iska ta tsinke zobba 3 ta lanƙwasa mini ƙarfe ɗaya. Tun ranar ba na ɗaura igiya kai tsaye a zoben tamfol. Nakan yanko tsohuwar robar cikin taya in sa tsakanin zobe da igiya, sai ta riƙa miƙewa tana shanye bugun iska. Turaku kuma a kafa su a karkace, kansu na kallon nesa da mota, a zurfafa idan wurin rairayi ne.

In za a bar ta cikin ruwa marar iska, a rage tsawon ƙafa ɗaya ta gaba don ruwa ya gangara. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tulu guda na ruwa ya kwanta a tsakiya ya isa ya buɗe ɗinki, kuma wurin da ya taɓa yin ciki ba ya komawa daidai.

Ba a naɗe tamfol da danshi. In dole ta sa, da isa gida a baza shi ya sha iska, domin cikin watan Agusta kwana kaɗan ya ishe shi ya yi baƙin tabo da wari, musamman na zare. Ni naɗe shi nake kamar tabarma a jikin bututun roba, maimakon ninki, saboda layin ninki ne wurin da yake fara karyewa. Da sanyin safiyar Janairu kuma robar tana ƙagewa, sai in jira rana ta ɗan taɓa ta kafin in warware.

Ƙaramar huda, ko ta ƙayar aduwa ce, a toshe ta da wuri. A wanke wurin ya bushe, a yanko faci daga irin tamfol ɗin, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada su ɗago, a shafa gam ciki da waje, a danne da dutse ya kwana. Yagewa mai tsawo sai masu ɗinkin tamfol, ka ce musu su ninka bakin su sa zaren nailan. Ƙarafuna a kankare tsatsa a shafa fenti, bakin kowane a naɗa masa tsumma ko roba don kada ya huda. Zif a goga masa kyandir, kada a sa masa mai, domin mai yana kama ƙura.

A gida ina ɗora rumfar bisa katako, nesa da ƙasa da bango saboda gara da ɓeraye, ba kuma dab da kwanon rufi ba. Ƙarafa da turaku suna da buhunsu daban.