Yadda nake ɗora bodin Ford 1932 a kan shasin da aka ƙera da hannu

A garejin da nake aiki a kudancin Kalifoniya, motar da ta fi zuwa hannuna ita ce Ford ta 1932, wadda masu harkar hot rod, wato sake ƙera tsofaffin motoci don gudu da ado, ke kira Deuce. A shekarar ce Ford ya fitar da injinsa na V8 mai silinda takwas, kuma har gobe Amurkawa ba su gaji da siffarta ba. Bodin asali ya yi wuya, shi ya sa yawanci sabo ake saye, na ƙarfe, irin wanda kamfanin Brookville Roadster ke bugawa a jihar Ohayo. Shasi kuma mai walda ne ke ƙera shi. Hannu biyu suka yi su, kai ne za ka sa su zauna lafiya.

Kafin bodi ya taɓa shasi, ka auna shasin. Ka ɗora shi a kan jak huɗu, ka daidaita da ma'aunin ruwa irin na magina, sannan ka ja tef daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ka sake ja ta ɗaya ɓangaren. Ni in bambancin ya wuce 1/8 na inci, ba na ci gaba. Tsakanin tayar gaba da ta baya inci 106 ne a wannan mota. In bodin Model A za ka ɗora, wato Ford ɗin da ta gabaci wannan, ka tuna shi don inci 103.5 aka yi shi, kuma gabansa ya fi siriri, sai an matse shasin a wurin.

Bodi marar rufi yana lanƙwasa in an ɗaga shi. Ka ɗana ƙarafa a ciki su riƙe bakin ƙofofi, ka shimfiɗa ɗamarar zare a kan shasi don kada ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe, ka nemo mutum huɗu ku ɗora a hankali. Ka duba tayar baya ta zauna a tsakiyar gurbinta ta kowane gefe. Noti biyu na gaba kawai za ka fara sa wa, su ma da hannu, ban da sifana.

Daga nan sai ƙofa, kuma a nan aikin yake. Ina yanka ƙananan fallayen ƙarfe masu kaurin 1/16 na inci, ina cusa su tsakanin bodi da shasi a inda noti ke shiga. In bayan ƙofa ya sauka, na ƙara falle ɗaya a ƙarƙashin ginshiƙin hinji, sai ta ɗago. In tazarar bayan ƙofa ta buɗe daga sama, bayan bodin ne ke son ɗagawa. Falle ɗaya tak yana iya sauya ƙofar ɗaya gefen, don haka kowane canji sai na zaga na buɗe duka biyun na rufe. Tazarar da nake nema kusan 3/16 na inci ce ko'ina. Wani lokaci yini guda nake yi a kan wannan, kuma ban taɓa jin na yi asarar yinin ba.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne na gama duk wannan aiki alhali mota na kan jak, ba inji a ciki. Da aka sa inji da giya aka sauke ta a ƙasa, shasi ya ɗan saki, ƙofar direba ta ƙi rufuwa sai da duka, ga shi an riga an yi fenti. Tun daga ranar ba na huda ramin ƙarshe sai mota ta tsaya da tayoyinta, nauyinta duka a kanta, an ɗaura lagireto da bonet, layin gefe ya miƙe daga hanci har wutsiya.

Sai ka ɗaure notuna daga gaba zuwa baya, kaɗan-kaɗan, kana gwada ƙofa bayan kowane ɗaya. Kafin a sauke bodi a kai fenti, ka ƙirga fallayen kowane wuri, ka ɗaure su da waya, ka rubuta gurbinsu a jiki, ka kuma huda ƙananan ramuka biyu da suka ratsa bodi da shasi, waɗanda za ka zura ƙusa a ciki ranar mayarwa.